Jar Ƙwaya a Bakin Zare

Wanda ya ratsa wani lambu a jihohin Misisipi ko Luwiziyana na Amurka cikin watan Oktoba, in mai kallon ƙasa ne, zai iya cin karo da wani abu mai kama da ɗan goyon masarar da ya ƙi girma. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Jikinsa duk ƙulle-ƙulle kamar na gwandar daji, ga wani gashi-gashi mai laushin karammiski, kowane ƙulli kuma ya tsage baki, jar ƙwaya ta leƙo. Ja ne na gaske, irin na idon zakara, sai dai ƙwayar ta kai girman wake. Wata ma ta fito gaba ɗaya amma ta ƙi faɗuwa, tana reto a bakin wani farin zare siriri da sai an ƙura ido ake ganinsa. Kwanson magnoliya ke nan. Mai shara yakan haɗa shi da busassun ganye ya kai juji. Akwai kuma masu sunkuyawa su ɗauke shi da yatsa biyu kamar ƙwai, su sa a kwali, su kai gida, su shafe mako uku ko huɗu suna zana shi.

Sana'ar waɗannan mutane ita ce zanen tsirrai. Ba zanen furannin adon falo ba ne, ko da yake sau da yawa a falon mai kuɗi aikin nasu ke ƙarewa. Sharaɗin farko a wajensu shi ne in masanin tsirrai ya dubi takardar ya iya kiran sunan bishiyar, ya ƙirga jijiyoyin ganyen ya same su daidai. Kyau daga baya yake zuwa. Su ma gida biyu ne. Akwai masu aiki da alƙalami da baƙar tawada don littattafan kimiyya, waɗanda ke tsaga fure biyu su zana cikinsa, su sa ma'auni a gefe. Akwai kuma masu fentin ruwa, waɗanda ake rataye aikinsu a bango. Na biyun ne suka fi shaƙuwa da kwanso da ganyen kaka.

Magnoliya ba bishiyar Afirka ba ce. Gidanta gabashin Asiya da nahiyar Amurka, kuma irinta sun haura 200. Sai dai tana da dangi na nesa a dajinmu, don masana sun sa ta a babban rukuni ɗaya da gwandar daji da kimba, wanda ya san 'ya'yan gwandar daji kuwa zai ga kamannin da kansa. Tsohuwar zuri'a ce ƙwarai. An tono burbushin danginta a duwatsu masu shekara wajen miliyan 95. Ƙwari masu taurin baya, dangin buzuzu, su ne ke kai mata garin fure daga wannan zuwa wancan, kuma da yake su ba su iya ci a hankali ba, furen nata ya zo da kauri kamar fata. Sunan kuwa wani limamin Kirista ɗan Faransa mai binciken tsirrai, Charles Plumier, ya raɗa shi a 1703 don girmama Pierre Magnol, shugaban lambun tsirrai na Montpellier. Da Linnaeus ya zo tsara sunayen tsirrai a 1753 sai ya riƙe shi.

Masu wannan sana'a suna da wani labari da suke son bayarwa, na Georg Dionysius Ehret, ɗan mai aikin lambu da aka haifa a Heidelberg ta Jamus a 1708. Ya fara ne da tonon ƙasa kamar ubansa, ya ƙare a matsayin mai zanen tsirrai da ba a kama ƙafarsa ba a zamaninsa. A watan Agusta na 1737, bai daɗe da zama a Landan ba, sai wata magnoliya mai manyan furanni da aka kawo daga Amurka ta yi toho a lambun Sir Charles Wager da ke Parsons Green. A lokacin, ganin wannan bishiya da fure a Ingila abin a tara jama'a ne. Ehret ya dinga takawa daga Chelsea, tafiyar wajen mil uku, kusan kullum, yana zama gabanta, yana zana yadda tohon ke kumbura har ranar da ya buɗe. Zanen nasa ya shiga babban littafin Mark Catesby kan tsirrai da dabbobin Karolina da Florida da tsibiran Bahamas. Kusan shekara 300 ke nan, amma in ka tambayi mai zane na yau abin da aikinsa ya ƙunsa, abin da Ehret ya yi zai faɗa maka da wasu kalmomi: ka koma gobe, don abin da ka gani yau ba shi za ka tarar ba.

Furen ne ya yi suna, kuma ya cancanta. Fari ne tas, faɗinsa kan kai na faranti, ga ƙamshi kamar na lemo. Amma ni a ganina ba a nan ake gane gwani ba. Fure yana rufa wa mai zane asiri. Ko hannunsa ya ɗan karkace, mai kallo zai ce kai, wannan abu da kyau yake, ya wuce. Kwanso ba ya yi wa kowa wannan alfarma. Ba shi da kyan da zai ɗauke ido, tsari ne zalla, kuma kuskure ɗaya a tsarin ya isa ya sa dukan abin ya zama kamar dunƙulen laka.

Ga abin da ke gaban mai zanen in ya kafa kwanson a kan tebur. Ƙulle-ƙullen nan ba a barbaje suke ba. A jere suke, suna zagaya jikin kwanson a murɗe kamar idanun abarba, layuka na hawa ta dama, wasu na hawa ta hagu. Dole ya gano layukan nan tukuna, ya ja su da fensir a hankali, sannan ya zaunar da kowane ƙulli a mahaɗarsu. Na tsakiya suna fuskantarsa, na gefe suna juya masa kafaɗa suna ƙanƙancewa. A bakin kowanne akwai ɗan baƙin ƙugiya, ragowar abin da ya karɓi garin fure tun bazara. Ƙasa da kwanson, a wuyan sandar da ke riƙe da shi, akwai wasu ɗige-ɗige ƙanana birjik, tabon inda zarurrukan furen suka faɗi, a ƙarƙashinsu kuma manyan tabo kaɗan inda fararen kunnuwan furen suka rabu. Ɗalibi yakan tsallake wannan wuri don gani yake datti ne. Masani kuwa nan yake fara dubawa. A wasu irin magnoliyar, musamman masu zubar da ganye da ake shukawa a lambunan Ingila, ba kowane ƙulli ne ke yin iri ba, sai kwanson ya fito a murguɗe, gefe ɗaya ya kumbura, ɗaya ya shanye, kamar hannun mai amosanin gaɓɓai. Ba a gyara masa zama. Yadda ya zo haka ake zana shi.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne ana tsantseni wajen zaɓensa. Takarda ta auduga ce zalla, mai kauri, mafi yawa mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, wadda aka matse da zafi har fuskarta ta yi sumul; Arches ta Faransa da Fabriano ta Italiya su ne aka fi ji a bakinsu. Masu zurfi a sana'ar kan koma ga fatar ɗan maraƙi da aka jeme aka kankare har ta yi kamar takarda, irin wadda gidan William Cowley ke yi a Ingila tun 1870. Buroshi mafi daraja ana yin sa ne da gashin jelar wata 'yar dabbar Saiberiya mai kama da tunku, don yana shan ruwa da yawa kuma bakinsa na komawa tsini ɗaya kamar allura. Sai kamfas mai ƙafa biyu na awo, da gilashin ƙara girma, da fitila da ake ajiyewa sama ta hannun hagu don kada inuwar hannun dama ta faɗa kan aikin.

Sai fentin kansa, kuma a nan ne sana'ar ta taɓo ƙasarmu. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, a ɗan sa zuma ko makamancinta don kada ya tsattsage. Ƙaron nan kuwa na dakwara ne da 'yan uwanta, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Nijeriya na biye, daga dazukan Borno da Yobe da Jigawa. Ƙaron da malami ke sa wa tawadarsa don ta kama allo ta yi sheƙi, shi ne ke riƙe jan ƙwayar magnoliya a jikin takarda a Landan. Da wuya mai zanen ya san sunan dakwara, da wuya kuma mai tsaga dakwarar ya taɓa ganin magnoliya.

Fentin ruwa yana da wata doka mai tsauri: babu farin fenti. Duk inda ake son haske, takardar ake bari fara. Wato ɗigon hasken nan da ke kan kowace jar ƙwaya, wanda shi ke sa ta zama kamar a jiƙe, tilas mai zane ya san wurinsa tun kafin ya tsoma buroshi, ya yi ta kewaye shi har ƙarshen aiki. In ya kuskure ya shafe, ya tafi ke nan. Ƙwayar kan fara ne da ruwan rawaya tsararo. A bari ya bushe. A ɗora ruwan goro, a bari ya bushe. Sannan ja, shafi bisa shafi, kowanne siriri yadda na ƙasa zai riƙa leƙowa. Inuwa ba a yin ta da baƙi, don baƙi yana kashe ja. Ana ɗan sirka jan da shuɗi ko shunayya ne, a kuma bar wani siririn haske a can gefen inuwar, inda farar takarda ko ƙwayar kusa ke mayar da haske. Ƙwaya ɗaya na iya cin awa guda. Kwanso ɗaya kuma yana iya zuwa da ƙwaya ashirin a waje.

Gashin karammiskin nan na jikin kwanson aikin busasshen buroshi ne. A ɗebo fenti kaɗan, a goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, a riƙa ɗora ƙananan zane-zane gajeru, dubbai, kowanne yana bin inda gashin ya kwanta. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san irin shirun da ke sauka a ɗakin. Zaren da ƙwayar ke reto a kai shi ne ƙarshen wahala, tunda fari ne a kan farar takarda. Ba shi ake zanawa ba, inuwarsa ake zanawa, da layi ɗaya mai ruwan toka da ba a maimaita shi. Zaren ma abin mamaki ne: jijiyoyin da suka shayar da ƙwayar ne tana ciki, waɗanda ke nannaɗe, su ke warwarewa in ta fito, su riƙe ta tana lilo a fili har tsuntsu ya gani.

Duk wannan fa abin da ake zanawar bai tsaya yana jira ba. A ɗaki mai ɗumi kwanson yakan ci gaba da buɗewa. Ƙullin da aka zana jiya a rufe, yau ya tsage. Ruwan hodan da ke jikinsa ranar farko ya koma ruwan ƙasa rana ta huɗu. Ƙwayar da aka yi rabi aka tafi barci, da safe a same ta a kan tebur, zaren ya tsinke. Shi ya sa ake kwana da shi a firji cikin roba mai murfi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, shi ya sa kuma ranar farko ba ta zanen gaske ba ce, ta awo ce da ɗaukar launi. Mai zane yakan cika gefen wata takarda da 'yan ɗige-ɗigen fenti, ya kai kowanne kusa da kwanson ya gwada, ya rubuta abin da ya haɗa da abin da ya ba shi wannan launi. Dabarar tsohuwa ce. Ferdinand Bauer, da ya bi jirgin Matthew Flinders zuwa Ostareliya a 1801, ba shi da lokacin yin fenti a daji, sai ya ba launuka lambobi har kusan dubu, ya riƙa rubuta lambar a kan zanen fensir, ya zo ya cika launin bayan shekaru. Kyamara tana taimakawa yau, babu mai musu, amma tana ƙarya a kan ja, tana kuma fayyace gaba ta dusashe baya. Ba za ta iya haɗa furen watan Yuni da kwanson watan Oktoba a reshe ɗaya ba, abin da mai zane ke yi a takarda guda.

Sai ganye. Kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu kaka lokacin girbi ne, kuka da rimi kuma sai hunturu ya shigo suke tuɓewa, ba tare da wani biki ba. A can, daga Satumba zuwa Nuwamba, daji gaba ɗaya kan rine kafin ya zube. Dalilin yana cikin ganyen. Korensa na wani sinadari ne, kulorofil, kuma da rana ta fara gajarta sai bishiya ta wargaza shi ta janye abin amfaninsa zuwa cikin reshe. Rawaya da ruwan goro da ke ɓoye a ƙarƙashi tun bazara sai su fito fili. Ja kuwa sabo ne, ganyen ke ƙera shi a lokacin daga sukarin da ya maƙale masa, musamman in rana ta yi haske dare ya yi sanyi. Ruwan ƙasa shi ne na ƙarshe, bayan komai ya mutu. Abin da ya fi burge ni shi ne gwanin mai zane yana bin wannan jeri ɗin sak: rawaya a ƙasa, sauran kore a gefen jijiyoyi inda yake daɗewa bai tafi ba, ja a bisa, ruwan ƙasa a baki-baki da wuraren da suka ƙone. Yakan jiƙa takardar ya ɗiga launi biyu su tarar da juna da kansu, don a ganye babu layi tsakanin rawaya da ja. In ya bushe sannan ya dawo da tsinin buroshi ya bi jijiyoyi.

Magnoliya kanta ba gwanar ja ba ce. Masu zubar da ganyen cikinsu rawaya suke yi, daga nan su koma kamar ganyen taba. Jan gaske sai a wajen bishiyoyi irin su mapul. Ita kuwa babbar ta kudancin ƙasar Amurka ba ta tuɓewa ko kaɗan, amma ganyenta fuska biyu gare shi: sama kore shar mai ƙyalli kamar an shafa mai, ƙasa kuma launin tsatsa mai laushi. Mai zane yakan murɗa ganye ɗaya don duka biyun su fito, ya yi ƙyalli da rashin ƙyalli a wuri ɗaya, kuma wannan kaɗai darasin wata guda ne.

Da can ana zaɓen ganye lafiyayye ne, marar tabo, don ya wakilci irinsa. Wanda ya fi kowa sauya wannan tunani shi ne Rory McEwen, ɗan Sikotilan da aka haifa a 1932, wanda ya fara suna a matsayin mawaƙi a talabijin kafin ya koma zane ɗungurungum. A shekarunsa na ƙarshe, yana fama da ciwon daji, ya riƙa tsintar ganyen da ya faɗi a titi, wanda tsutsa ta huda, wanda aka taka, ya zana shi a fatar maraƙi, ganye ɗaya tal a tsakiyar fili fari, ya sa wa zanen sunan titin da ya tsince shi. Ya rasu a 1982. Da aka baje aikinsa a lambun tsirrai na Kew a 2013, matasan masu zane suka yi ta tururuwa. Tun daga zamaninsa hujin tsutsa ya daina zama aibi. Sai dai abin ya zama yayi, har wasu kan zaɓi ganye don raunukansa kawai, su yi ta ƙawata ruɓa. Wannan ma wata ƙarya ce, ba ta fi ta mai ɓoye tabo ba.

Sana'ar tana da gidajenta. Mujallar Curtis's Botanical Magazine tana fitowa tun 1787 ba ta tsaya ba, kuma har 1948 da hannu ake shafa launin hotunanta, kwafi bayan kwafi. Lambun Kew, wanda ya ɗauki Franz Bauer, yayan Ferdinand, a matsayin mai zanensa na dindindin a 1790, yana ajiye da zanen tsirrai fiye da 200,000, kuma a 2008 ya buɗe zauren Shirley Sherwood, wanda aka gina don wannan fanni kaɗai. Akwai ƙungiyar masu zanen a Birtaniya tun 1985, ta Amurka tun 1994. Burin kowa shi ne lambar zinariya ta ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, inda ba a zuwa da zane ɗaya. Sai da jeri na aƙalla shida a kan jigo guda, alƙalai kuma, cikinsu har da masana tsirrai, su bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Mafi rauni a cikin shidan shi ke ja wa sauran.

Kuɗi fa? In aka raba farashin zane da awannin da ya ci, da yawansu ba su kai ladan mai fentin gida ba. Abin da ke riƙe su koyarwa ne, da buga kwafe, da katunan gaisuwa, da ɗan aikin da lambu ko mai littafi ya ba su. Mafi yawansu a yau mata ne, da dama kuma sai da suka ajiye wani aikin, koyarwa ko jinya ko ofis, sannan suka kama wannan. Ido yana gajiya, wuya yana ƙagewa, kuma kaka sau ɗaya take zuwa a shekara: wanda bai gama kwansonsa ba kafin ya bushe, ko dai ya dogara da 'yan ɗige-ɗigen launin da ya ajiye, ko ya jira Oktoba mai zuwa ya koma gindin bishiyar.

In an gama, sai a rubuta sunan bishiyar na Latin da fensir a ƙasa, da wurin da aka tsinta, da kwanan wata, da ko girman zanen daidai yake da na abin. Ƙwayoyin da suka zube a tebur ba a cika zubar da su ba, don yawancin masu zanen nan masu lambu ne. Sukan jiƙa su kwana biyu, su murje jar rigar mai maiƙo da yatsa har ƙwallon ciki ya fito, su binne a jiƙaƙƙen yashi cikin leda, su mayar firji wata uku, don ba ta tsirowa sai ta sha sanyi. Da bazara a shuka. Babbar magnoliyar da ta tashi daga iri takan ɗauki shekara goma, wani lokaci fiye da haka nesa, kafin ta yi furenta na farko.